Daren da Cali ya dafa takalmi a gidan kallonmu

Shekara huɗu na yi ina riƙe wa yayana gidan kallon ƙwallo a ƙauyenmu, can bayan Ringim. Rumfar kwano ce da benci goma sha biyu, sai janareton da ba ya tashi sai an lallashe shi. Da an tafi hutun ƙwallon Turai kasuwa ta mutu murus, sai mu koma saka fim don kada kuɗin mai ya gagara.

A irin wannan lokaci ne mai tura fina-finai ya cika min memori, ya haɗo da wani tsohon fim baƙi da fari, wanda ba a magana a cikinsa. Na Charlie Chaplin ne, wanda manyanmu ke ce wa Cali, The Gold Rush na 1925. Ni dai na ɗauka cikon benci ne. Ranar da na saka shi ma don ɗayan fim ɗin ya ƙi buɗewa ne.

Akwai wurin da ƙanƙara ta ritsa shi da abokinsa a wata bukka, yunwa ta ci su, ya dafa takalminsa. Ya juye a faranti cikin natsuwa, ya nannaɗe igiyar takalmin kamar taliya, yana tsotse ƙusoshin kamar ƙashin kaza. Rumfa ta ɗauki dariya har da masu faɗowa daga benci. Amma wani dattijo mai sayar da goro da ke bakin ƙofa ya yafito ni, ya ce, "Yaro, wannan Bature ya san yunwa."

Na ce, "Baba, ai wasa ne."

Ya ce, "Dubi yadda yake ci. Bai yarda yunwa ta zubar masa da mutunci ba."

Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Rabin masu dariyar nan da ƙyar aka ɗora tukunya a gidajensu. Daga baya na karanta cewa a Landan aka haifi Chaplin a 1889, kuma yana ɗan shekara bakwai talauci ya kai shi gidan ajiye matalauta. Ashe Baba bai yi ƙarya ba.

Na maimaita wurin nan ya fi sau ashirin da rana, ni kaɗai. Babu motsin da ya zo bisa kuskure, kowane ɗaga gira a kan gaɓa yake, kamar makaɗin da ya san inda zai saki kalangu. Da can a ganina barkwanci shi ne ihu, da zagi, da kwaikwayon Hausar wasu. Irin wannan mun sha sakawa, mako guda ya lafe kamar kunun jiya.

Har marigayi Ibro, ɗan Danlasan da ya rasu a Disambar 2014, sai na fara yi masa wani kallo. Fina-finansa da har yau ake roƙona in maimaita su ne waɗanda yake talaka mai dabara, aljihu wayam, amma hula a karkace.

Baba mai goro bai taɓa biyan kuɗin shiga ba, ni kuma ban taɓa tambayarsa ba. Duk daren da babu ƙwallo sai ya leƙo ya ce, "Yau babu mai takalmin nan?"