Zama Baƙo a Ƙasar Walayta

Yawancin shawarwarin da ake ba masu shirin gajeriyar tafiyar bishara an tsara su ne domin Baturen da zai zo Afirka, shi ya sa suke cike da zancen zafin rana, da sauro, da cin abinci da hannu, da haƙuri idan ba a fara taro a kan lokaci ba. Sa'ad da ikkilisiyarmu ta aike mu yankin Walayta da ke kudancin Habasha, mu ƙaramin rukuni na malaman makarantar Lahadi da ma'aikatan jinya, da yawa daga cikin waɗanda suka yi mana addu'ar sallama sun ɗauka cewa babu abin da zai zame mana baƙo, tun da Afirka ce za mu bari, Afirka kuma za mu. Abin da na gani ya saɓa wa wannan zato, kuma ina ganin kusancin nan shi ne yake sa ɗan Najeriya ya saki jiki, har ya taka abin da masu masaukinsa suke girmamawa bai sani ba.

Akwai dangantaka ta gaskiya tsakaninmu da masu bin Walayta. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda Rowland Bingham da abokansa biyu suka kafa da isowarsu Legas a 1893, wanda kuma daga aikinsa ikkilisiyar ECWA ta Najeriya ta fito a 1954, shi ne ya shiga Habasha a 1927 ƙarƙashin jagorancin likita Thomas Lambie, ya kuma zauna a Sodo, babban garin Walayta. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar Kale Heywet ta tsiro. Amma tarihinsu ya bi hanyar da tamu ba ta bi ba. Da Italiya ta mamaye ƙasar, an tilasta wa 'yan mishan barin Walayta a 1937, suka bar masu bi da aka yi wa baftisma waɗanda ba su kai ɗari ba. Waɗannan 'yan kaɗan sun sha bulala da kurkuku, kuma da 'yan mishan suka dawo bayan an kori Italiya, dubban masu bi suka tarar, da ikkilisiyoyi masu dattawansu da masu bisharansu, ba tare da wani baƙo ya ɗora tubali ko ɗaya ba. Daga baya gwamnatin soja ta Darg, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1991, ta rufe majami'u da yawa, aka koma sujada a ɓoye cikin gidaje. Duk wanda zai tsaya a gaban jikokin waɗannan mutane ya koyar, ya kamata ya san wannan labari kafin ya buɗe baki, domin yana canza muryar da mutum zai yi magana da ita.

Ƙananan abubuwa ba su daɗe suna ba mu wahala ba. Adis Ababa tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,300, Sodo kuma tana gindin Dutsen Damota, tafiyar fiye da kilomita 300 zuwa kudu, kuma daminarsu sanyi gare ta, har sai da muka sayi barguna a kasuwa. Suna fara ƙirga awoyi daga fitowar rana, saboda haka sujadar da aka ce za a fara ƙarfe uku, ƙarfe tara na safe ake nufi. Shekararsu wata goma sha uku ce, tana kuma bayan tamu da shekara bakwai ko takwas. Idan kana yi wa mutum bayani, za ka ji ya ja numfashi ciki da sauri kamar ya firgita, alhali yarda yake nuna maka. Duk waɗannan ana tambaya, a amsa, a wuce.

Inda aka gwada mu sosai shi ne wurin cin abinci. Ba injera ce matsalar ba, wato faifan wainar nan mai tsami da ake yi da ƙwayar tef, domin wanda ya saba da tsamin kunu da masa ba zai sha wuya da ita ba. Ko koco, abincin mutanen Walayta da ake samu daga wata shuka mai kama da ayaba, wadda mata suke kankare jikinta su binne a rami har ya yi tsami kafin a gasa, da sannu ya shiga. Abin da ya taɓa mu shi ne yadda ake ci. Iyali gaba ɗaya, maza da mata, suna kewaye tire guda, kuma idan mai gida ko matarsa suna so su nuna maka girma, sai su naɗe nama da miya cikin injera, su kai maka loma har bakinka da hannunsu. Gursha suke kiran wannan, kuma ƙin karɓa yana ɓata rai.

Sai wanda ya tashi a cikin kunya irin tamu zai gane nauyin abin. A gidajen da muka fito, maza daban suke ci, mata daban, mace ba ta cin abinci a gaban surukanta, kuma babu wanda ake ba abinci a baki sai jariri ko majinyaci. Shugaban rukuninmu dattijo ne mai furfura, wanda ko 'ya'yansa ba sa zama kusa sa'ad da yake cin tuwo. A gidan wani dattijon ikkilisiya, uwargidan ta naɗe loma babba, ta miƙo hannu zuwa bakinsa tana murmushi, shi kuwa ya ja da baya kaɗan, idonsa a ƙasa. Tafintanmu, wani saurayi ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki, ya matso ya ce masa a hankali, "Baba, idan ba ka karɓa ba, za ta ɗauka girkinta ne bai yi maka ba, kuma maƙwabta suna kallo." Shugaban namu ya yi shiru, sa'an nan ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya buɗe baki ya karɓa. Matan da suke tsaye a ƙofa suka rangaɗa guɗa. Na sha jin wa'azi a kan yadda Bulus ya ce ya zama kowane abu ga kowane irin mutane domin bishara, amma ban taɓa ganin tsadar ayar ba sai a fuskar mutumin nan. Ba na cewa kunyarmu aibu ce, domin ita ce ta riƙe gidajenmu. Ina cewa ne akwai wurin da riƙe ta yake zama raini ga wanda ya yanka maka kazarsa, kuma baƙo ne ya kamata ya sassauta.

Shan kofi, wanda suke kira buna, ya koya mana wani abu game da jadawalin da muka zo da shi. Mun iso da takarda mai ɗauke da darussan kowace rana, amma a kowane gida sai an baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, matar gida ta wanke ɗanyen kofi, ta soya shi a kan garwashi, ta zaga da kaskon kowa ya shaƙi ƙanshi, ta daka a turmi, ta dafa a cikin ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya. Ana sha zagaye uku, da gugguru a gefe, a ƙauye kuma sau da yawa gishiri ake sawa maimakon sukari. Tashi kafin zagaye na uku bai dace ba. Wasu cikinmu sun damu da cewa lokacin koyarwa yana tafiya, amma a wannan zama ne malaman makarantar Lahadi suka faɗi ainihin damuwarsu, wadda ba su ambata a aji ba: yara suna karatu da harshen Walayta da haruffan boko a makaranta, kayan koyarwa da yawa kuwa da Amharik, babban harshen ƙasar, suke zuwa, da nasa haruffa dabam. Da mun tsallake kofin, da mun koyar da abin da muka shirya, mun tafi ba mu ji wannan ba.

Abu mafi bukatar taka-tsantsan shi ne zancen ikkilisiyar Otodoks. Mu da muka fito daga arewacin Najeriya mun saba raba mutane gida biyu, Kirista da Musulmi, kuma mun san yadda ake zama da maƙwabci Musulmi. A Habasha lissafin ya sha bamban. Bangaskiyar Kirista ta zama addinin Aksum, tsohuwar masarautar ƙasar, tun ƙarni na 4, a zamanin Sarki Ezana, kuma mabiya Otodoks suna azumin Laraba da Juma'a, ba sa cin naman alade, suna tuɓe takalma kafin shiga majami'a, suna bikin haihuwar Almasihu a ranar 7 ga Janairu. Su kuwa masu bi irin masu masaukinmu, Fente ake kiransu, kuma tsakanin ɓangarorin biyu akwai tsohon tabo, domin akwai iyalan da suka rabu a kan sauya ikkilisiya, akwai kuma wuraren da aka taɓa hana 'yan Fente binne matattunsu. Wani matashi a rukuninmu, mai himma ƙwarai, ya so ya tsaya a bakin kasuwa ya yi magana a kan hotunan tsarkaka da ya gani a wata majami'a. Faston da ya karɓe mu ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, kai za ka hau jirgi ka koma gida, ni kuwa ƙanwata ta haihuwa a can take sujada, kuma gobe tare za mu je ta'aziyya." Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma a gajeriyar tafiya wannan gaskiya ce da ya kamata ta ɗaure harshen mutum, domin kalmar da ya faɗa cikin minti biyar mai gida ne zai zauna da ita shekaru. Ba a hana mu shaida bangaskiyarmu ba. An nuna mana ne cewa masu wurin sun fi mu sanin ƙofar da ake shiga da wadda ake bari a rufe.

Akwai kuma nauyin da baƙuncinmu ya ɗora musu, wanda ban ji an ambata ba a duk zaman shirinmu. Miyar kaza da dafaffen ƙwai da aka yi ta ajiye mana abincin biki ne, ba na kullum ba, kuma manomin da gonarsa 'yar ƙarama ce, kamar yadda gonaki suke a Walayta saboda yawan jama'a, ya san abin da kaza ɗaya take nufi. Miƙa masa kuɗi kai tsaye cin fuska ne. Tafintanmu ne ya nuna mana hanya: a sayi ɗanyen kofi da sukari a kai wa uwargida, abin da ya fi haka kuma a ba dattawan ikkilisiya su raba yadda suka ga ya dace. Da muka dawo na roƙi kwamitin mishan na ikkilisiyarmu ya sa wannan cikin kasafin kuɗin tafiya ta gaba, ya kuma bar dattawan can su rubuta jadawalin aikin tun kafin a sayi tikiti, sa'an nan a nemi wani daga cikin masu bisharanmu da suka zauna shekaru a wata ƙasa ya zauna da matasan da za a aika, ya ba su tarihin ikkilisiyar da za ta karɓe su.