Fetur na ji wa tsoro, ashe ba nan gizo ke saƙa ba

Ranar da na karɓi makullin motar, tambayar da kowa ya fara yi mini ɗaya ce: "Yaya shan fetur ɗinta?" Ni ma abin da ke raina ke nan. Mota ce ta alfarma mai kujera biyu, rufinta na yadi ne mai naɗewa ya shige baya, injinta silinda 8. Ta hannu na saye ta, tana da shekara huɗu. Na san wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma na ce aƙalla zan san yawan abin da ke zuba. Sai na ajiye ɗan littafi a aljihun ƙofa. Duk sanda na shiga gidan mai na cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, na rubuta lita nawa ta sha da kilomita nawa na yi tun cikon baya. Shekara uku ke nan ina haka.

Abu na farko da littafin ya nuna mini shi ne, lambar shan mai da ke takardar mota ba ƙarya ba ce, sai dai ba a kan titina aka same ta ba. A Turai, tun 2017 aka fara auna shan man sababbin motoci da gwajin da ake kira WLTP, wanda ya maye gurbin tsohon gwaji na NEDC. Cikin ɗaki ake yin sa, mota na kan na'urar da ke juya tayoyi, minti 30, tafiyar kilomita 23 da ɗan ɗori, a yanayi mai ɗumin digiri 23. Ba cunkoso, ba hawan tudu, ba kuma direban da ke son jin kukan salansa. Takardar tawa ta ce wajen lita 11 a kilomita 100. A cikin gari, da tsaye-tsaye da gajerun tafiye-tafiye, na sha ganin 19. A babban titi kuwa, in na riƙe gudu ɗaya ban yi ta wasa da totur ba, takan sauko ƙasa da 10, har ta fi abin da aka rubuta kyau. Babban inji ba ya jin jiki a doguwar hanya, yana can a giyar ƙarshe yana lumfashi a hankali. Abin da ke ƙona masa mai shi ne tashi da tsayawa, domin kowane tashi sai ya ɗauki nauyin motar daga farko, kowane birki kuma ya watsar da abin da aka ƙona.

Wani abu da ya taɓa rikita ni: na yi ta karanta bayanan masu irin motata, wani ya ce tana yin mil 25 a galan, wani ya ce 30. Na ɗauka motar ɗayansu ce ba lafiya. Ashe galan ɗin ne ba ɗaya ba. Na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546. Magana ɗaya suke yi da mudu biyu. Tun daga nan na tsaya a kan lita da kilomita. Allon gaban motar ma na daina yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin kullum yana ɗan rage abin da ta sha idan na gwada shi da rasit.

Batun buɗe rufi fa? Nan na ɓata lokaci sosai, don shi ne dalilin sayen motar. Na bi hanya ɗaya sau da yawa, wani lokaci a rufe, wani lokaci a buɗe. A ƙaramin gudu bambancin bai taka kara ya karya ba. Da gudu ya haura kilomita 100 a awa kuwa, sai iska ta riƙa faɗawa cikin motar tana murɗawa, tana jan ta baya, na ga ƙarin kusan lita ɗaya. Ɗaga gilasan gefe da kafa ragar tare iska ta bayan kujeru yana rage abin, hula ma ta zauna a kai. Amma gudun kansa ya fi rufin laifi. Turjiyar iska ba ta bin gudu kafaɗa da kafaɗa, ninkawa take yi: daga 100 zuwa 140, ƙarin gudun kashi 40 ne cikin ɗari, turjiyar kuwa ta kusa ninki biyu. Ga kuma nauyin da ba a gani. Motar da aka cire wa rufin ƙarfe sai an ƙarfafa ƙasanta da ginshiƙan gilashin gaba don kada jikinta ya riƙa murɗewa, a haɗa da injin naɗe rufin, shi ya sa ta fi 'yar'uwarta mai rufin dindindin nauyi. Wannan nauyin kana ɗauke da shi ko rufin na buɗe ko yana rufe.

Sau ɗaya na yi wayon zuba fetur mai ƙarancin oktan, wato lambar da ke nuna yadda mai ke jure matsi a cikin inji ba tare da ya kama wuta da kansa ba, don ya fi araha. Motar ba ta mutu ba, domin kwamfutar injin tana jin ƙwanƙwasar da irin wannan mai ke jawowa a inji ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare shi. Amma ƙarfi ya ragu, shan ya ɗan ƙaru, rarar da na yi ta bi iska. Lambar oktan da aka rubuta a murfin tanki ita nake bi yanzu.

Ƙarshen shekarar farko na zauna na tara komai, ba mai kawai ba. Na yi kilomita 9,000. Fetur ɗin da na yi ta fargaba bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da motar ta ci ba. Babban mai cin shi ne wanda ba ya ba da rasit, wato faɗuwar darajarta. Na duba yadda ake sayar da sa'o'inta, na ga abin da ya zube daga kuɗinta a shekara ɗaya ya fi man da na zuba nesa ba kusa ba. Inshora ta biyo baya. Sai taya.

Tayoyin nan sun koya mini hankali. Na baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a musanya su a raba musu ci kamar yadda ake yi wa sauran motoci. Robarsu mai laushi ce don ta kama kwalta, abin da ke sa ta kama kuwa shi ke sa ta cinye da wuri. Na baya sun ƙare na gaba na nan da sauran rai. Gefensu siriri ne, rami ɗaya ya ishe ka asarar taya har da lanƙwasar wili. Safaya ma babu, wurinta rufin ya cinye.

Kuskurena mafi girma a shekara ta biyu na yi shi. Da na ga lissafi sai na tsorata, na ce bari in killace ta, in riƙa fito da ita nadiran. Kilomita 3,000 kacal na yi. Na gudu ban tsira ba. Batir ya mutu, saboda irin waɗannan motoci ko a kashe suke na'urorinsu na tsotsar wuta. Tayoyi suka yi kanta a inda suka daɗe a ƙasa, sitiyari ya riƙa karkarwa. Rufin da na bari a naɗe wata da watanni ya yi layi-layi, ya fara wari. Ramukan da ke fitar da ruwan sama daga ma'ajiyar rufin suka toshe da ƙura da ganye, ruwa ya taru ya jiƙa kafet har ya taɓa wayoyin ƙarƙashin kujera. Da na kai ta gareji, bakaniken ya ɗaga kafet ɗin ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ai ba gudu ne ya yi mata wannan ba, zama ne." Ya nuna mini ramukan, ya zura siririyar waya mai laushi, ruwa ya zubo ƙasa. Aikin minti biyar da ban san da shi ba.

Shi ya fahimtar da ni cewa rabin hidimar motar da kalanda take tafiya, ba da kilomita ba. Baƙin mai sai an juye shi duk shekara ko da ba ka je ko'ina ba. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. Taya tana tsufa ko ba ta cinye ba, kuma ranar haihuwarta na rubuce a gefenta, lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Inshora da faɗuwar daraja kuwa ba ruwansu da ko ka tayar da inji. Da na raba kuɗin shekarar da kilomitan da na yi, kowane kilomita ya tsaya mini fiye da ninki biyu na shekarar farko, ga shi ban ma ji daɗin motar ba.

Yanzu ba na zuwa gajeren aike da ita, don inji mai sanyi ya fi shan mai kuma bai gama ɗumi ba an iso. Amma duk mako sai na fitar da ita doguwar hanya, in buɗe rufin in rufe ko sau ɗaya ne don mai ya zagaya a injin naɗin, robobin bakin gilashi in shafa musu man silikon. Idan zan yi tafiya in bar ta, akwai ƙaramar caja da ke riƙe batir. Rufin ba na naɗe shi da danshi, kuma a rufe take kwana. Iskar taya da safe nake aunawa kafin su yi zafi. Littafin nan ya cika har na buɗe na biyu, na kuma ƙara masa layi ɗaya da babu a na farko: kwana nawa ta yi ba ta motsa ba. Mafi tsawo a bana kwana 9 ne, shi ma jinya ce ta kwantar da ni.