Ƴan birnin da suka koma kiwon awaki

Ranar da na faɗa wa Baba zan ajiye aikin ofis in koma gonarmu ta bakin Gulbi, bai ce uffan ba. Sai da ya gama alwala ya ɗago kai ya ce, "Kai da ka yi lakwal?"

Tambayar nan ta daɗe tana cina. Ita ce ta kai ni ga labarin samarin Faransa da suka bar Paris bayan boren ɗalibai na watan Mayun 1968, suka nufi duwatsun Cévennes da Ardèche a kudancin ƙasar. Ƙauyukan can sun zama kufai, ƴaƴan manoma sun tsere birni neman aiki, kamar yadda namu ke tafiya Kano ko Agadas. Su kuwa ƴan boko ne da suka ƙoshi da hayaniya da rayuwar saye-saye. Suka sayi rusassun gidajen dutse da araha, suka kama kiwon awaki suna yin cuku. Da yawansu ba su jure ba. Sanyin dutse da aikin da ba hutu suka kore su. Waɗanda suka zauna su ne suka sauke girman kai suka je gaban tsofaffin ƙauyen suna tambaya.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Pierre Rabhi, haifaffen Aljeriya. Ya riga su zuwa, tun farkon shekarun 1960 ya sauka Ardèche, a kan fako mai duwatsu da ƙarancin ruwa, ya raya shi da taki da awaki. Daga baya ya zo Gorom-Gorom a Burkina Faso yana koyar da haɗa takin gargajiya. Wato abin da kakata ke yi da kashin jajayen awakinta na Maradi, ba ta taɓa kiransa ilimi ba.

Daminata ta farko gero bai yi ba, dammunan da na samu ba su kai ashirin ba. Na sare duk tsiron da na gani lokacin sassabe, ina ganin tsabta nake yi. Maƙwabcin gonarmu, dattijo ne, ya kama hannuna ya kai ni gindin wani ɗan gawo da ya tsira. Ya zaɓi reshe biyu masu ƙarfi, ya datse sauran da adda.

"Ɗana, wannan ba a kashe shi."

Bana gawon ya wuce tsayina. Jiya Baba ya zo da kansa, ya ɗaure akuyarsa a ƙarƙashinsa.