Kuɗin mai garuwar layinmu

Kusan duk bayan sati uku mai garuwar layinmu sai ya zo shagona bayan la'asar, ya zauna kan benci ya zaro ƙullin leda daga aljihun ciki, ya fara miƙe 'yan ɗari biyu da ɗari biyar da duk sun yi laushi saboda ruwa. Mutumin wani ƙauye ne can bayan Tasawa a jihar Maraɗi ta Nijar, ci-rani yake zuwa Kano da zarar an gama girbin gero, sai damina ta kawo kai ya koma. Ba shi da akawun, to ni ne bankinsa.

Yadda muke yi ba wuya. Ya ba ni kuɗi a hannu, ni kuma in yi tiransifa zuwa wani ɗan canji da ke zaune a Maraɗi amma yana da akawun na bankin Najeriya, da alat ya shiga sai ya lissafa a sefa ya tura ta Nita ko Al Izza, kamfanonin tura kuɗi na Nijar, zuwa Tasawa, ƙaninsa ya hau babur ya je ya karɓa. Ba takarda ba sa hannu, ni ban taɓa ganin ɗan canjin nan ba wallahi, muryarsa kawai na sani a WhatsApp, kuma ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Ko lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motoci sun yi ta jibge a Jibiya, amma kuɗin nan bai fasa wucewa ba.

Abin da ke ci min rai ba ladan turawa ba ne, wannan kaɗan ne. Canjin ne. A 2019 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, naira ɗari shida da wani abu ce, a 2024 sai da ta haura naira dubu biyu. Ita sefa an ɗaure ta da yuro ba ta motsi, naira ce ke ta zamewa, ballantana tun da aka sake ta ta nemo farashinta a kasuwa a Yunin 2023. To shi jarkokin da yake turawa a kura nauyinsu ɗaya ne, rana ɗaya ce ke dukansa, ya ƙara kuɗin ruwa ma matan layi su yi ta mita (har da uwargidana, ba zan ɓoye ba), amma in kuɗin ya isa gida bai kai rabin na da ba.

Rannan da na karanta masa saƙon ɗan canji ya yi shiru, ya ce "Alhaji sake dubawa dai." Na sake dubawa. Ya ce yaran ƙauyensu yanzu Abijan suke nufa ko Kwatano, can sefa ake biyansu ba ruwansu da canji, wasu kuma Aljeriya ko haƙar zinare a Jado can arewacin Nijar. Na ce to kai fa Baba? Ya ce shi ya tsufa da koyon sabon gari, nan ko ba komai yana jin yaren kowa kuma akwai inda yake shimfiɗa tabarma kyauta a zauren masallaci.

Ya naɗe ledarsa ya ce in kira masa ƙanin a gaya masa a fara sayen gero, maganar rufin ɗaki a bari tukuna.