Godiya bayan jana'izar Alhaji Aminu Dantata

Assalamu alaikum. Mu 'yan kasuwar Kano muna godiya ga duk wanda ya tako, ya bugo waya ko ya yi addu'a kan rasuwar babanmu Alhaji Aminu Alhassan Dantata, wanda Allah Ya yi wa cikawa a Abu Dhabi ranar Asabar, 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94.

Godiya ta musamman ga waɗanda suka yi ɗawainiyar takardu. Jama'a sun yi ta tambayar me ya sa sai ranar Talata, 1 ga Yuli, aka sallace shi a Masallacin Annabi (SAW) aka kai shi Baƙi'a. Fitar da gawa daga wata ƙasa zuwa wata ba ya yiwuwa sai da shaidar mutuwa daga asibiti, da sa hannun ofishin jakadanci, da izinin fita. Mai wuyar shi ne amincewar hukumomin Saudiyya, tunda ba a ƙasarsu ya rasu ba. Takarda ɗaya ta makara, jirgi ba ya tashi. Malamai da jama'ar da suka yi masa salatul ga'ib a Kano, Allah Ya saka da alheri.

Matasan da suka zo gaisuwa da yawa ba su san Baba ya taɓa zama ɗan majalisa ba. An zaɓe shi a 1961, juyin mulkin Janairun 1966 ya rushe majalisar, bai sake komawa kujerar ba. Ya yi kwamishina a zamanin Audu Baƙo, amma kasuwa ce gidansa. Ya fara da sayen gyaɗa a kamfanin mahaifinsa, lokacin da ake ɗora buhu kan buhu a yi dala, saboda jirgin ƙasa ba ya iya kwashe kayan zuwa Legas a kan kari. Kafin cuta ta cinye gyaɗar Arewa a 1975, shi ya riga ya sa ƙafa a gine-gine. Man fetur ya biyo baya, haka ma hannun jari a bankin Jaiz. A ganinmu wannan ne ya tsallakar da gidan, don dillalan da suka tsaya kan gyaɗa kaɗai sun sha wuya.

'Yan uwanmu na Borno, mun gode da kuka tuna da naira biliyan 1.5 da ya bayar bayan ambaliyar Maiduguri ta 2024.

Masu niyyar ziyara idan sun je Umara su sani ba a rubuta suna a kaburburan Baƙi'a, sallama da addu'a ake yi wa mazauna wurin gaba ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyalai haƙuri.