Jiniyar da na so in aika gida

Har yau ban gaya wa kowa a gida cewa 'yan sanda sun taɓa tsare ni a bakin titi a ƙasar nan ta Amurka ba. Inna ba ta sani ba, Yaya ma bai sani ba. A wani ɗan ƙaramin gari ne a yammacin jihar Oklahoma, irin garuruwan nan da ba ka ganin komai sai dogayen rumbunan alkama na siminti da tankin ruwa da coci. Ina tsaye a bayan ofishin 'yan kwana-kwana, na ɗaga kai ina ɗaukar hoton wata tsohuwar jiniya da ke kan dogon falwaya na katako, sai ga mota ta tsaya a bayana. Ashe wani ne ya hango ni ta taga ya buga waya, wai ga wani baƙo yana zagaye kayan hukuma. Aka ce in fitar da hannuwana daga aljihu. Aka karɓi lasisina. Aka tambaye ni daga ina nake, na faɗi unguwar da nake zaune, aka ce a'a, asalina ake tambaya. Da na ce Najeriya, sai ɗan sandan ya dubi sunana a jikin katin, ya ɗago ya dube ni, ya sake duban katin.

Wasu yara biyu a kan kekuna suka tsaya suna kallo. Kallon yaran nan shi ne ya fi ci mini rai, kuma shi ne yake dawo mini idan na kwanta. Ni da a garinmu ko kaza ban taɓa ɗauka ba, ɗan gidan da ake kawo wa ajiya. A wurinmu in aka ga baƙo ya tsaya yana duban wani abu, sallama za a yi masa, a kawo masa ruwa, in ma akwai shakka a raka shi ƙofar mai unguwa cikin mutunci. Ba wanda zai laɓe a bayan labule ya kira masa hukuma.

Ɗan sandan ya ce me nake yi da hoton. Na ce, "Yallaɓai, wannan Thunderbolt ce, samfurin 1003, kuma na ji garinku zai sauke ta." Sai na ga bai san sunanta ba, shi da aka haifa a ƙarƙashinta. Na nuna masa akwatin ƙarfen da ke gindin falwayar, na ce a ciki akwai injin hura iska, shi ke tura iska ta cikin bututun nan har sama, kamar yadda zugazugin maƙera ke ciyar da wuta. A can sama akwai wani ƙarfe mai ƙofofi da ke juyawa da gudu yana datsa iskar, datsawar ita ce kukan. Ga kuma injin na uku da ke juya ƙahon gaba ɗaya don kukan ya zagaye gari, shi ya sa za ka ji ya matso ya yi nisa, ya matso ya yi nisa. Na gaya masa kamfanin Federal ne na jihar Illinois ya fara ƙera su a 1952, ya daina a 1990, kuma 1003 ta fi sauran wuyar samu saboda tana da wasu 'yan murafai da ke toshe murya ɗaya su buɗe ɗaya, don a bambanta kiran gobara da na guguwa. Ya saurare ni har na gama. Ya miƙo mini lasisina, ya ce wani karon in fara shiga ofis in gabatar da kaina. Bai ba ni haƙuri ba. Na ji daɗin cewa na san kayansu fiye da shi, wannan ba zan ɓoye ba, amma da na tsaya a gidan mai a kan hanyar dawowa zan yi la'asar, hannuna rawa yake yi, kuma babu mutum ɗaya da zan kira in gaya wa.

Kafin in zo ƙasar nan gyaran injin ban ruwa nake yi a ƙauyenmu, a ƙasar Auyo, ga manoman shinkafa na fadama. A nan ma aikin inji nake yi, gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Don haka duk abin da ke da mota da bel yana jan hankalina. Amma ba wannan ne ya sa ni bin jiniya ba.

A birnin Oklahoma duk ranar Asabar da ƙarfe 12 na rana ana gwada jiniyoyin gari, in dai sararin sama garau yake. Mutane ba sa ko ɗaga kai. Sun san amfaninta dai, don a nan kusa garin Moore yake, inda mahaukaciyar guguwa ta ratsa a ranar 20 ga Mayu 2013 ta kashe mutum 24, har da yara bakwai a makarantar firamare guda. Asali ba don guguwa aka kafa irin waɗannan jiniyoyi ba. A shekarun 1950 ne, lokacin yaƙin cacar baka, Amurka ta cika garuruwanta da su saboda tsoron jiragen Tarayyar Sobiyat da bam ɗin nukiliya. Bam bai zo ba, guguwa kuwa tana zuwa kowace shekara, sai aka juya su kanta. Na daɗe ina jin kukan nan na Asabar ba tare da ya dame ni ba, har zuwa watan Satumba na 2022.

Kowa ya san abin da ruwa ya yi a Jigawa a shekarar nan. A faɗin Najeriya sama da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Mu jingarmu da tsakar dare ta ɓalle. Ƙarfe 2 na dare a can, ƙarfe 8 ne a nan, ina zaune ina cin abinci, wayata a gefena, ban san komai ba. Babu wuta a garin, batirin lasifikar masallaci ya mutu. Ladan da bakinsa ya riƙa kwarmato, samari suna bin gida-gida suna dukan ƙyaure da garewani. Kafin su kai unguwar gangare ruwa ya riga su. Gidan Baffa ya zauna, rumbunanmu biyu suka tafi da geron bara. Wata tsohuwa, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, ba ta ji bugun ƙofa ba, katanga ta faɗo mata. Yaya ne ya goya Inna a bayansa har makarantar da ke kan tudu, ruwa iya ƙirji. Yaya ne, ba ni ba. Sai bayan kwanaki na samu wayarsa ta shiga.

Asabar ɗin da ta biyo baya da aka kunna jiniya, ina cikin mota, sai da na gangara gefen titi na tsaya. Daga ranar na shiga nema.

Da farko zuciyata kan jiniyar kamfanin motoci na Chrysler ta tafi, don ita ba ruwanta da wutar lantarki. Injin mota ne sukutum a jikinta, mai silinda takwas da ƙarfin doki 180, kukanta yana kai desibel 138 a ma'aunin ƙara daga nisan ƙafa 100, kuma ba a ƙera jiniyar gari da ta fi ta ƙara ba. Na ce ga abin da ya dace da mu, a zuba mata mai a tayar, injin da ni kaina zan iya kwance shi in ɗaura. Amma tsakanin 1952 da 1957 kawai aka yi irinta, nauyinta ya kusa tan uku, kuma da yawa masu tseren mota sun cire injinansu tuntuni. 'Yan kaɗan da suka rage suna gidajen tarihi, ko suna tsatsa a kan rufin gine-gine da hasumiyoyi, irin na yankin Los Angeles, inda kuɗin sauke su ma ya hana a taɓa su. Na haƙura da ita.

Sai na koma kan Thunderbolt. Manyan birane sun sauke nasu, sun sa sababbi masu batir, saboda babban aibinta shi ne in guguwa ta katse wuta, ita ma ta yi shiru. A ƙananan garuruwa ake samun ragowarsu. Na riƙa bin taswirar waya ina leƙa hotunan tituna da daddare bayan na tashi daga aiki, ina neman ƙahon nan mai baki murabba'i, rawaya in ba a sake masa fenti ba. Ranar hutu in tuƙa mota in je in gani da idona. Wata ka tarar falwaya ce kawai ta rage. Wata tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. A haka na gano akwai mutanen da tara jiniya shi ne abin sha'awarsu, har da yara 'yan sakandare, sun haddace lambobin samfuri, suna tafiya mai nisa don su naɗi kukan wata ta minti uku. Wasunsu sun taimake ni ƙwarai, ba zan ci amanarsu ba. Amma ita waccan 1003 da aka tsare ni a gindinta, da aka yi gwanjonta wani mai tarawa ne ya fi ni kuɗi. Na ji an ce a bayan gidansa zai kafa ta, ya riƙa kunnawa jefi-jefi don nishaɗi. Kuɗinsa ne, haƙƙinsa ne. Ni dai na kwana ina tunanin unguwar gangare.

Da na gaya wa Yaya shirina, ban da maganar 'yan sanda, sai ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ya ce, "Ƙanena, tsohon ƙarfe za ka aiko mana daga Amurka? Da wace wutar?" Na ce za a sayi janareta. Ya ce injin da ke son wuta mai layi uku, wane janareta ne zai tashe shi, wa zai riƙa zuba mai, wa zai yi gadinsa, nawa ne kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas da na kwastan da na mota zuwa Haɗeja. Duk na riga na yi wannan lissafin, na san bai fita ba, amma jin sa daga bakinsa ya yi mini zafi.

Ya ce ba rashin sani ne ya cinye su ba. Ruwan da ya malalo daga dam ɗin Tiga da na Challawa sai ya wuce Wudil, ya wuce Ringim, kafin ya iso mana, kwanaki yake yi a hanya, kuma 'yan uwa na can sama suna bugo waya. An san yana tafe. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa, kogin ya cika da yashi, ruwan ba shi da wurin zuwa sai gonaki da gidaje. Ya ce, "Mun sani sarai. Ina za mu je? Wa zai bar shinkafarsa ta kusa yanka da dabbobinsa ya tafi ya kwana a aji? Buhu muke so, da yashi, da kwale-kwale ko guda ɗaya." Gaskiya ya faɗa, shi ne ya tsaya cikin ruwan. Amma ni ma ban janye tawa ba. Sanin cewa ruwa yana tafe cikin mako daban, sanin cewa jinga ta ɓalle yanzu-yanzu daban. Tsakanin ɓallewar da isar ruwa unguwar gangare akwai 'yan mintuna, kuma a cikinsu ne aminiyar Inna take barci. Mun ɗan ɗaga wa juna murya a daren nan, abin da ban taɓa yi da shi ba. Ya ce mini wanda ke nesa shi ya fi kowa dabara. Maganar ta zauna mini.

Na aika kuɗin buhuna, aka yi gayya aka ɗaga jinga. Na aika na sola da batir don lasifikar masallaci, Malam ladan ya aiko da godiya da addu'a ta wayar Yaya. Na kuma sayi wata 'yar jiniya ta hannu, wadda ake juyawa da mariƙi, tana nan a ɗakina cikin kwali ina jiran mai zuwa Kano da zai yarda ya ɗauka. Yaya ya ce in ta zo zai ba shugaban samarin da ke kwana a bakin jinga. Bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Neman Thunderbolt kuwa ban daina ba, akwai wata da aka kwatanta mini a Kansas, kuma wannan karon zan buga waya ofishin garin tukuna, in faɗi sunana da launin motata.

Inna ce damuwata yanzu. Na roƙe ta ta koma Haɗeja wurin yayarmu mace ko da na watan Agusta da Satumba ne kawai, ta ƙi. Ta ce, "Ɗan nan, a ɗakin nan na haife ku duka, kabarin ubanku yana nan, ina za ni?" Ƙafafunta sun fara kumbura, ba ta iya tafiya mai nisa, kuma Yaya shi ma ba yaro ba ne, bayansa yana ciwo tun daren da ya goya ta. An sake gina ɗakin nata da bulo har zuwa taga, sama kuwa ƙasa ce, kuɗin bai kai ba. Ina so kafin damina mai zuwa a ƙarasa shi, a ɗaga dandamalin ƙofar. Ga bikin autarmu an sa bayan kaka, ga kayan ɗaki ba a haɗa ba, Baffa kuma har yanzu a zauren maƙwabci yake kwana, iyalinsa kuma a cikin gida. Na nemi hutu a wurin aiki don bikin, sun ce sai an ga yadda aiki ya kasance. Inna ta ce in ba zan samu zuwa ba kada in tilasta wa kaina, in dai aiko da atamfar da na yi mata alkawari, shuɗiya, ba mai manyan zane ba.