Godiya bayan walimar ajiye aiki

Assalamu alaikum.

Alhamdulillahi, an yi walimar da sashenmu na nazarin halittu ya shirya mini ta ajiye aiki, an kuma tashi lafiya. Waɗanda suka zo da waɗanda suka bugo waya, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

An yi ta ambaton binciken da na wallafa a kan macizai da guza da kada. Na ji daɗi ƙwarai, amma akwai masu haƙƙi a ciki. Na farko ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Su ne ke buɗe akwatin kububuwa, su danne kanta da sanda mai ƙugiya, su tatsi dafinta cikin kwalba, hannu ko rawa ba ya yi. Kuskure ɗaya a nan sai gadon asibiti. Sai ɗalibaina da suka sha cizon sauro a bakin ruwa suna auna zafin gurbin ƙwan kada, tunda zafin ne ke sa ɗan ya fito namiji ko mace. Allah Ya yi muku albarka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fita makarantu. Malamai sun amince mana da yaransu, wannan kuwa ba ƙaramar amana ba ce. Ba na manta yarinyar da ta miƙa yatsa tana rawar jiki ta shafa bayan mesa, ta juyo ta ce: “Malam, ashe jikinta a bushe yake!” Daga nan sai tambayoyi. A nan muke koya musu cewa idan maciji ya sari mutum ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti inda ake da allurar karya dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, a 2017 kuma ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Yawancin waɗanda maciji ke sara manoma ne da makiyaya, shi ya sa ban taɓa ɗaukar wannan fita a matsayin aikin gefe ba.

Uwargida da yara, kun yi haƙuri da doguwar tafiya da zaman ɗar-ɗar. Allah Ya biya ku.

Matasan malaman sashen za su ci gaba da zagayen makarantu, har da na ranar 19 ga Satumba, ranar wayar da kai kan saran maciji. Ina roƙon a ba su haɗin kan da aka ba ni. Wanda na saɓa wa, ya yafe mini don Allah.